Sandar da Aka Karrama

Shekara ashirin da biyar ana kiransa Likita a masana'antar kwalabe, alhali ko allura bai taɓa riƙewa ba. Injuna ne majinyatansa. Kayan aikinsa kuwa guda ɗaya ne tak, sandar ƙarfe mai kaurin babban yatsa, tsawonta daga ƙasa zuwa ƙugunsa, wadda ya yanko daga jikin wani mataccen inji tun yana da gashi a tsakiyar kai. Kowace safiya yakan bi injunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora bakin sandar a kan gidan boris, wato zoben nan mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da duk wani abu mai juyawa ke hawa kansa, ya manna ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido. Minti ɗaya, wani lokaci biyu. Sai ya ɗago ya ce, "Lafiyarsa ƙalau." Ko kuma ya ce, "Wannan ba zai ga ƙarshen mako ba." In ya faɗi haka, injin ba ya ba shi kunya.

Kamfanin ya taɓa sayo wata na'ura mai allo da fitilu don ta karɓe shi. Ta yi wata huɗu tana aiki, ta yi shekara shida tana jiran wani ɗan mitsitsin abu da za a aiko mata daga inda aka ƙera ta. Tana nan a sito cikin leda, ana share mata ƙura in za a yi baƙi.

Likita yana da wani sirri, kuma yana alfahari da yadda ya iya riƙe shi. Shekara uku ke nan kunnuwansa suna janyewa daga hidima a hankali, ba sallama. Da farko tsuntsayen unguwa ne suka yi shiru, ya ce ai sare itatuwa da ake yi ne. Sai matarsa ta koma magana ciki-ciki, ya ce girma ne ya zo mata. Da ya ga har mai sayar da jarida, wanda ake jiyo muryarsa daga titi na uku, shi ma ya koma motsa baki kawai, sai ya gane ba duniya ce ta koyi ladabi ba.

Ya nemi dabara, ya kuwa samu. Ya gano cewa da maganganu uku mutum zai iya ƙare rayuwarsa cikin mutunci: "Haka ne," da "To, madalla," da "Sai a hankali." A taron shugabannin sashe har yabonsa aka fara yi, wai ya fi kowa sauƙin kai. A cikin masana'antar kuwa babu wata matsala, tunda can kowa ihu yake yi, mai kunne da marar kunne duk da hannu suke ƙarasa zance.

Abin da ya riƙe shi a tsaye shi ne sandar. Ta cikinta komai yana zuwa masa tar, kamar da. Boris mai lafiya yana da wata siririyar murya, kamar yayyafi a kan rufin maƙwabta. Wanda ya fara ciwo, sai ka ji kamar an barbaɗa masa yashi kaɗan. Wanda ya kusa tafiya kuwa tsakuwa yake tauna. Duk wannan yana can ƙarƙashin babban gurnanin injin, wanda ko da tafin ƙafa ana jinsa, kuma ba ya gaya wa kowa komai. Likita ya san abin da ya cinye masa tsuntsaye ba zai tsaya a tsuntsaye ba. Wata rana zai iso sandar. Kullum in zai ɗora ta a kan injin farko sai gabansa ya faɗi. In ya ji yayyafin sai ya ce a ransa, to, ba yau ba.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja. Matashi ne mai kirki, kuma kirkin nasa na karatu ne, don har kwas ya je ya yi na mako shida a kan yadda ake sa ma'aikaci ya ji ana ƙaunarsa. Da ya duba takardu ya ga Likita ya cika shekara ashirin da biyar ba a taɓa ba shi ko hula ba, abin ya taɓa masa zuciya. Ya jira Likita ya tafi hutunsa na mako biyu, ya sa aka buɗe masa ma'ajiyar Likitan, ya ɗauki sandar ya kai sashen gyaran ƙarfe da hannunsa.

Ranar da Likita ya dawo aka tara mutane a ɗakin cin abinci. Manaja ya yi jawabi na minti ashirin, wanda Likita ya bi da gyaɗa kai a wuraren da ya ga wasu suna gyaɗawa. Sannan aka miƙo masa ɗan akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle a ciki. Ya buɗe. Sandarsa ce, an yanka ta uku, an yi wa kowace gunduwa haƙoran murɗi yadda za a ɗaura a kwance, an kuma yi mata wankan ruwan azurfa, tana ɗaukar ido kamar cokalin baƙi.

"Ƙarfenka ne, ba mu canja ba!" manaja ya faɗa da ƙarfi a daidai fuskarsa, yana ta murna. "Yanzu ba sai ka riƙa yawo da ita kamar makiyayi ba. Ka kwance, ka jefa a jaka!"

Aka tafa. Likita ya ce, "To, madalla." A wannan karon ya ji abin da aka ce.

Washegari ya ɗaura gunduwoyin uku, ya ɗora a kan injin farko, ya lumshe ido. Gurnani ya zo. Ya jira yayyafin. Ya ƙara danna sandar a ƙashinsa har ya ji zafi. Ya koma ɗaya gefen. Ya je inji na biyu, na uku, na bakwai. Gurnani kawai, mai kauri, kamar an lulluɓe duniya da bargo.

Wani zai ce me ya hana shi ɗaukar wani ƙarfen ya gwada, a wurin da ake tuntuɓe da ƙarfe ta ko'ina. Amma shekara uku ya yi yana jiran wannan safiyar, da ta zo bai ga dalilin tambayarta ko ita ce ba. Ƙarfen nasa ne, an gaya masa, ya kuma gane shi da nauyinsa a hannu. Saura kunnen. Ya buɗe ido, ya ce wa mai kula da injin, "Lafiyarsa ƙalau," ya wuce.

Kwana tara ya yi a haka. Yana taɓa gidan boris da bayan hannu ya ji ɗumi, yana sunsunar giris, yana tuno abin da kowane inji ya gaya masa kafin hutu, yana ba da shaidar lafiya a kan tsohon labari. A gida ya rage cin abinci. Matarsa ta dube shi, ta sake dubansa, ba ta ce komai ba. Ko kuma ta ce.

Rana ta goma manaja ya same shi a gindin babbar fanka. Ita ce ke hura iska a bangon tandar da ake narka gilashi, kuma tun da aka kunna tandar shekara huɗu da suka wuce ba ta taɓa hutun da ya wuce na sa'o'i ba. Mai kula da ita, wani da ake kira Dogo, ya ce ya ji tana wani ƙara da bai saba ji ba. In boris ne, dole a rage wutar tanda a tsayar da fankar a canja, kwana uku ba kwalba ko ɗaya. In kuma aka bar ta har ta tsaya don kanta, bangon zai yi zafi ya tsage. Abin da ke bayan bangon narkakken gilashi ne. Abin da ke gabansa mutum shida ne, kowane da iyalinsa.

"Gobe da safe ka ba ni amsa," in ji manaja. Likita ya tsinci "gobe" da "amsa" a leɓensa, sauran ya cike da kansa.

Ƙarya a kan ƙaramin inji da sauƙi, in ya mutu a sa wani. Wannan kuwa ba zai iya ba. Da aka tashi cin abincin rana ya zauna a bayan sito a kan wani tsohon bokiti, ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ninke ta huɗu. Da yake bai taɓa yarda da rubutunsa ba, sai ya nemi izinin fita da wuri, ya nufi makarantar da ƙanwarsa ke koyarwa.

Ƙanwar tasa ta yi shekara ashirin da takwas tana koya wa 'yan sakandare kimiyya, har ta kai kowa Malama yake ce mata, da mijinta da 'ya'yanta da shi kansa yayan nata. Ya same ta a ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi yara, tabarau a ƙarshen hanci, tana yi wa takardun jarrabawa ɓarin jan biro.

"Yaya?" ta ce, ba ta ko tashi ba. "Kai ne a makaranta? Wa ya mutu?"

"To, madalla," in ji Likita, yana neman kujera.

Malama ta ajiye biron. Ta cire tabarau, ta zagayo teburin, ta ja kujera ta zauna gab da shi, gwiwa da gwiwa, ta yi magana da muryar da take aika wa bencin baya.

"Me ya kawo ka?"

Ya miƙa mata takardar. "Ki duba min ko da kuskure. Gobe zan kai."

Ta karanta sau ɗaya, ta miƙa hannu ta jawo jan biron.

"Gaisuwar ta yi. Kwanan wata daidai ne, abin mamaki. Layi na huɗu ƙarya ne." Ta zagaye shi. "Wai saboda wasu dalilai na iyali. Wane iyali? Mu ne iyalin, ba mu da labari."

"Ke dai ki gyara rubutu."

"Ba na gyara ƙarya, sifili nake ba ta. Yaya, faɗa min."

Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya sunkuyo kamar mai shirin tona asirin ƙasa.

"Malama, kunnena ne. Ba na ji sosai. An jima ana haka. Ban gaya wa kowa ba."

Ta kalle shi, irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya zo mata da gudu ya ce ya gano ruwa yana jiƙa mutum.

"Yaya, har jikokinka sun sani."

"Wa ya gaya musu?"

"Kai mana. Ranar da mijin 'yarka ya ce maka an sace masa babur, me ka ce masa? Madalla. Bawan Allahn nan sai da ya kwana biyu yana tunanin laifin da ya yi maka. Matarka fa? Ka ɗauka sabon ladabi ne ya sa take tasowa daga kicin ta zo gabanka kafin ta yi magana? Bayan shekara talatin?"

"To me ya sa ba wanda ya ce min komai?"

"Mun ce. Ba ka ji ba."

Ya so ya yi fushi, amma ya duba bai ga inda zai samo ƙarfinsa ba. Ya shafa kansa.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Maganar mutane in ta tafi ta tafi, yawancinta dama ba asara ba ce. Yanzu abin ya kai ga sandar."

Ya ba ta labarin kwana taran, da fankar, da bangon, da mutum shidan. Dariyar da ke gefen bakinta ta tafi.

"Tun yaushe?"

"Tun da na dawo hutu."

"A hankali ya tafi, ko lokaci ɗaya?"

"Na tafi ina ji, na dawo ba na ji."

"Tsaya. Kunnen da ya ɗauki shekara uku kafin ya gama da muryar matarka, wadda ni shaida ce ba ƙaramar murya ba ce, shi ne ya cinye sanda a mako biyu? Me kuma ya faru a mako biyun?"

"Ba komai. Sai karramawar."

"Wace karramawa?"

Bai gaya wa kowa a gida ba, don bai ga abin faɗa ba. Ya jawo akwatin daga jaka ya ɗora a tebur. Malama ta buɗe, ta mayar da tabarau, ta dubi gunduwoyin uku a kwance cikin jan ƙyalle.

"Innalillahi. Wa ya yi wa baiwar Allah wannan aika-aika?"

Ta ɗauki gunduwa ɗaya ta ɗaga ta saitin taga, ta leƙa ramin da ake ɗaura ɗayar. Ta zare fil daga ɗankwalinta ta zura a ciki, ta ƙwaƙulo wani ɗan baƙin zoben roba, ta ajiye a kan takardarsa. Ta ɗauki ta biyun, ta ƙwaƙulo wani. Sannan ta auna zurfin ramin da tsinken ashana, ta gwada da tsawon haƙoran da ke shiga cikinsa. Ba su kai ƙasa ba.

"Mai gyaran ƙarfen naku mutum ne mai tsabta," ta ce. "Ya sa roba don kada ta riƙa ƙara a hannu, kada kuma azurfar ta karce. Ya kuwa hana ta ƙara, Allah ya saka masa."

"Ai ƙarfena ne. Ba su canja ba."

"Zauna nan."

Ta buɗe durowa ta ɗauko gwangwani cike da ƙwallayen boris, waɗanda ta roƙa a wurinsa shekarun baya har shi ya manta. Ta jera biyar a kwarin wata doguwar rula, suna taɓa juna. Ta gangaro da ta shida ta bugi ta farko. Sauran ba su motsa ba, ta can ƙarshe ce ta fice da gudu har ta faɗo daga tebur.

"Ka gani? Ba wadda ta taso daga nan ta je can. Bugun ne ya yi tafiya. Wannan ta ɗan matsu, ta ture maƙwabciyarta, ta koma yadda take. Waccan ma haka, har ƙarshe. Abin da ke faruwa cikin sandarka ke nan tun ranar da ka yanko ta. Ƙarfe yana da tauri, ana matsa shi yake ramawa, shi ya sa saƙo ke gudu a cikinsa wajen kilomita biyar a daƙiƙa ɗaya. A iska ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba ya yi."

Ta tsinto ƙwallon da ta faɗi, ta gutsuro ɗan roba daga abin goge fensir, ta cusa shi tsakanin ta uku da ta huɗu, ta sake bugawa. Ta ƙarshen ta ɗan yi miƙa, ta fasa tafiyar.

"Saƙo in ya taho ta cikin abu mai tauri ya ci karo da mai laushi, mafi yawansa juyawa yake yi ya koma inda ya fito. Ɗan abin da ya shiga robar kuma ta shanye. Mai kaurin, gurnanin nan naka, shi sandar gaba ɗayanta yake girgizawa, da roba da komai, ya wuce abinsa. Siririn da kake nema shi ne ba ya iya tsallakewa. Kai kuma shinge biyu aka kafa maka a hanya, aka tafa."

Likita ya daɗe yana kallon zobban robar nan biyu. Ko girman farcen ɗan yatsa ba su kai ba.

"Wasan yara ne wannan," ya ce. "In kuma kunnen ne fa? In duka biyun ne?"

"To taso mu tambayi kunnen."

A gaban azuzuwan bene akwai doguwar baranda, an bi ta da bututun ƙarfe na dafawa, an yi masa walda tun daga wannan ƙarshe har wancan, taku arba'in mai kyau. Ta tsayar da shi a ƙarshe ɗaya.

"Manna ƙashin naka a nan. Ka juya baya, kada ka kalle ni, na san ka da satar amsa a leɓen mutane. Abin da ka ji ka nuna min da yatsu."

Ta tafi. Ya sunkuya ya manna bayan kunnensa a ƙarfen. Da ɗumin rana a jikinsa, da santsin hannun yara. Ya lumshe ido. Wannan ce tambayar da ya kwana goma yana zagaye ta, ga shi yanzu an tsayar da shi a gabanta, gindi a sama, a makarantar yara. Babu komai. Sai bugun jininsa. Ya fara shirya abin da zai ce mata don kada ta ji nauyi.

Sai ya ji. Haƙoran makulli ne ake ja a kan ƙarfe, kusa ƙwarai, kamar a cikin ƙoƙon kansa ake yi. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na ukun ma ya ji inda makullin ya yi tuntuɓe da ɓawon fenti. Ya ɗaga yatsu uku.

Shiru ya biyo. Ya jira, ya jira, ya gane gwada shi take yi, ya ɗaga dunƙulallen hannu. Can sai wani ɗan taɓi guda, siriri, kamar ɗigon ruwa. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

Da ta dawo tana haki ta same shi yadda ta bar shi, a sunkuye, ya ƙi ɗagowa. Ta ba shi ɗan lokaci, tana kallon filin wasa kamar akwai abin kallo a cikinsa. Sannan ta taɓa masa kafaɗa.

"Tashi haka nan, mai gadi zai ɗauka ƙarfen makaranta kake son sacewa. Na ƙarshen nan da farce na yi, in gaya maka."

Ya miƙe ya share fuska da hannun riga, ya ce rana ce.

"Rana ce," ta yarda. "In na buga da guduma, ɗalibaina sau biyu suke ji. Ta ƙarfe tukuna, sannan ta iska ta iso a makare. Kai ta iskar ce ta daina iso maka. Ni ba likita ba ce, kai ma duk da sunan ba likita ba ne. Amma abin da na sani, in sauti yana shiga ta ƙashi ba ya shiga ta kunne, mai yiwuwa can ciki lafiya lau ne, a ƙofa aka samu cikas. Irin wannan wani lokaci ana gyarawa. Akwai masu farar riga na gaske, ka je su duba ka."

"Shekara uku," in ji shi a hankali.

"Shekara uku. Da tun farko ka buɗe baki, da yanzu ka san abin da ake faɗa a kanka a gida."

Suka koma ɗakin gwaje-gwaje. Ta jawo ɗaya daga cikin ƙarafan nan masu gindi da ake rataye kwalaben gwaji a jikinsu, ta taka gindin da ƙafa, ta murɗe sandar ta fita. Tsawonta bai wuce hannu ba, ga tsatsa, ga tabon wani abu da ya taɓa ƙonewa a jikinta.

"Kayan makaranta ne. Litinin nake son abina."

Takardarsa kuwa ta rubuta mata wani abu a ƙasa da jan biro, ta jefa ta cikin tarin waɗanda suka faɗi.

Da safe ya tarar an riga shi zuwa gindin fankar. Ga manaja, ga Dogo, ga shugabannin sashe biyu da suka zo don in abu ya lalace a ce suna wurin. Da yake sandar gajera ce, sai da ya durƙusa, kumatunsa kusa da murfin injin, iska mai zafi tana kaɗa masa riga. Ya ɗora. Ya lumshe ido.

Gurnani ya zo. A ƙarƙashinsa kuma ga yayyafin nan, sumul, ba yankewa, ba ƙwayar yashi ko ɗaya. Minti ɗaya ya ishe shi ya sani, amma ya ƙara biyu don kansa. Ya zagaya ɗaya gefen, can ma haka. Sannan ya bi jikin murfin da bakin sandar, taki-taki, har ya iso wani lungu inda wani busasshen kaɗawa ya cika masa kai.

Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙorafi.

"Boris lafiyarsu ƙalau, duka biyun. Dogo bai yi ƙarya ba, akwai ƙara. Amma murfin nan ne, noti ɗaya ya kwance."

Dogo ya kawo sifana ya ɗaure. Masu kunne suka dubi juna, Likita ya gane daga fuskokinsu cewa ƙarar ta ɗauke. Shugabannin sashen biyu suka gyaɗa kai kamar dama abin da suke zato ke nan.

Manaja ya kama hannunsa yana girgizawa, yana faɗin abubuwa da yawa masu daɗin gani. Sai idonsa ya sauka a kan ƙarfen mai tsatsa. Fuskarsa ta koma irin ta mutumin da ya ga ana goge mota da rigar da ya bayar kyauta.

"Ina sandarka?"

Likita ya jawo jakarsa. Ya ciro akwatin daga jaka, ya mayar da zobban robar inda suke, ya ɗaura gunduwoyin, ya miƙa masa. Ya nuna masa inda zai ɗora da inda zai manna. Manaja ya ɗage wandonsa mai guga ya durƙusa, ya saurara. Likita ya karɓe ya ba shi mai tsatsar. Yana mannawa idonsa ya buɗe. Ya sake karɓar mai azurfar, ya sake komawa mai tsatsar. Ba wawa ba ne shi, kwas kawai ya yi.

"Kashe ta muka yi," ya ce. Wannan ko ba kunne ana karanta shi.

"Da niyya mai kyau, yallaɓai. Amma akwai saura, gara ka ji daga bakina."

Ya faɗa masa, a tsaye a wurin, gaban Dogo da kowa, da muryar da shi kansa bai san iya ƙarfinta ba. Cewa shekara uku ba ya jin maganar mutane sai an yi masa ihu. Cewa a tarukan nan duka ko rabin abin da ya amince da shi bai sani ba. Cewa tun da ya dawo hutu yake ba injuna arba'in da ɗaya shaidar lafiya ba tare da ya ji ko ɗaya daga cikinsu ba.

Manaja ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Ya laluba aljihu ya ciro biro da ɗan kati, ya yi rubutu a bayansa, ya miƙa. An rubuta: Asibiti, Alhamis, motar kamfani. A ƙasa kuma: Injunan fa?

"Yanzu zan fara."

Ya koma farkon layi, manaja na biye da shi riƙe da akwatin, bai san inda zai ajiye shi ba. Inji na farko, yayyafi. Na biyu, yayyafi. A na uku ya daɗe. Yashi ne, ba mai yawa ba, amma yashi ne, a injin da ya wuce ta gabansa safiya tara yana ce masa ƙalau. Ya ɗaga hannu bai buɗe ido ba.

"A tsayar da wannan."

Aka danna jan maɓalli. Ya ji yashin yana rage gudu ta cikin ƙarfen, yana rarrabewa ƙwaya-ƙwaya, har ya tsaya. Ya goge bakin sandar a wandonsa, ya nufi na huɗu.